Ruwan wuƙata ya karkata yana gogar ƙota, in kai wa maƙeri ya buga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da wuƙar aljihu mai naɗewa, irin wadda harshen ƙarfe a cikin ƙota ke tokare ruwan idan an buɗe. Kwanan nan in na rufe ta sai ruwan ya jingina gefe guda, har ya fara karce cikin ƙotar. An ce min ruwan ne ya lanƙwashe, in kai wa maƙeri ya daidaita shi da guduma. Tsorona kada wata rana ta rufe min a yatsa. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar guduma tukuna. Da wuya a ce ruwan ne ya lanƙwashe. A irin wuƙarka, harshen makullin yana da ɗan ƙwallon ƙarfe da ke danna gindin ruwan in wuƙar na rufe, yana tura shi zuwa ɗaya gefen. Sukurun da ruwan ke juyawa a kansa shi ke hana turin nan yin tasiri. Da ya saki, ruwan ya tafi. Duba da kyau: in ruwan ya jingina ne a gefen da ba na makulli ba, to ga mai laifin nan.

Buɗe wuƙar ta kulle, ka riƙe bayan ruwan ka girgiza shi hagu da dama. In ka ji wasa, nemi sukudireba mai bakin tauraro, wato Torx. Babban sukurun, wato wanda ruwan ke juyawa a kansa, yawanci T8 ne, wani lokaci T10, ƙananan na jikin ƙota kuma T6. Kada ka cusa wanda bai zauna daram ba, kan sukurun zai cinye. Ɗaure kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka rufe ka duba, ka sake. Inda wasa ya ƙare amma ruwan bai yi tauri wajen buɗewa ba, nan za ka tsaya.

In bai dawo ba, to ƙotar ce ta goce. Rufe wuƙar, ka sassauta babban sukurun da na jiki duka, rabin zagaye ya isa. Ninka takarda ka tura ta tsakanin ruwan da gefen da yake gogawa, har ruwan ya ɗan wuce tsakiya. Takardar na ciki ka ɗaure babban sukurun tam, sannan na jiki ɗaya bayan ɗaya. Zare takardar, ka sassauta babban har buɗewa ta yi laushi. Sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku.

Har yanzu shiru? Kwance ta, amma ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai. A kowane gefen ruwan akwai washa, ta tagulla ko ta roba, ko kuma zoben boris. Ƙura da zaren aljihu kan taru a ƙarƙashin ɗaya, kuma a wasu wuƙaƙen washar biyu ba girmansu ɗaya ba, in aka musanya su ruwan ba zai taɓa zama tsakiya ba. Goge da sipirit, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane gefe, ka mayar. A zaren babban sukurun sa ɗigon Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana sukuru kwancewa, mai lamba 242 ko 243, ka bar shi kwana ɗaya. Jan Loctite kuwa sai da wuta yake kwancewa. Supa gulu kada ma ka kusanto da shi, gangarawa yake cikin boris ya daskare.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Wannan shawara ta "a buga shi ya miƙe" ta kashe wuƙaƙe fiye da tsatsa. Ruwan wuƙar zamani ba ƙarfen lauje ba ne. An ƙona shi an taurara shi, taurinsa kan kai 56 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell, kuma ƙarfe mai irin wannan tauri ba ya karɓar lanƙwasa, tsagewa yake. Mafi muni ma shi ne tsagar da ido ba ya gani, a kusa da ramin sukuru, wadda za ta jira sai ranar da kake yankan igiya da ƙarfi ruwan ya ɓalle. Wani gwanin kuma sai ya ce bari ya ɗan gasa shi ya yi laushi. Da launin ƙarfen ya sauya taurin ya tafi ke nan, ka wasa da safe ta dakushe kafin azahar. Na san inda ɗabi'ar ta samo asali. Wuƙaƙe irin su Okapi da Victorinox ƙusa ce ke riƙe su, kuma mai sana'a kan ɗan daddaka kan ƙusar don ya kashe wasa. Ƙusar yake bugu, ba ruwan ba. Taka kuwa sukuru gare ta, duka ɗaya zai lotsa washa, ko ƙwallayen boris su yi rami a inda suke gudu.

Sai masu wayon da ke sa filaya su ja harshen makulli baya don ya rage turi. Ruwan zai dawo tsakiya kuwa, a miƙa maka kana murna, ba ka san an sayar da yatsunka ba. Ƙarfin harshen nan shi ne ke shigar da shi ƙarƙashin gindin ruwan ya tokare, shi ne kuma ke hana wuƙar buɗewa da kanta a aljihu. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya karɓi kuɗin gyara a hannun kowa ba, kuma in yatsa ya tafi ba shi zai kwana a asibiti ba.

Kan tsoronka, karkata ita kaɗai ba ta rufe wuƙa a yatsa. Gwada haka: buɗe ta, janye yatsunka daga hanyar kaifi, ka danna bayan ruwan da tafin hannu. In makullin ya zame ko ruwan na motsi sama da ƙasa, daina aiki da ita. In kuma duk ka yi abin da na faɗa, ka ɗora rula a jikin ruwan ka ga lallai a karkace ya fito daga masana'anta, mayar wa mai shago. In ba zai karɓa ba kuma ruwan ya daina gogar ƙota, bar shi a inda ya tsaya ka ci gaba da yankanka.