Shari'a da dimokuraɗiyya: a ina suke karo?

Malam, ka tambaya ko shari'ar Musulunci da dimokuraɗiyyar Turawa za su iya zama inuwa ɗaya. Ba sai mun je Faransa ba, mu duba gida.

Da gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999, ai ta majalisar dokokin jiha aka bi, 'yan majalisar da ƙuri'a ta kawo suka amince. Jihohi 12 suka ɗauka. Ka ga dimokuraɗiyyar ce ma ta buɗe ƙofar.

Inda gizo ke saƙar shi ne tushen hukunci. A wajen malamai, haddi na Allah ne, rinjayen ƙuri'a ba ya soke shi. Tsarin Turawa kuwa ya ce majalisa na iya sauya doka da rinjayen ƙuri'a. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba kowa 'yancin sauya addini, shi ya sa jihohin ba su sa hukuncin ridda a kundin laifuffukansu ba.

Amina Lawal kuma, da aka yanke mata hukuncin jifa bisa zargin zina a 2002, duniya ta yi ca, amma kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ce ta wanke ta a 2003, da hujjojin fiƙihun Malikiyya.