Tambaya da Amsa: Yaushe Teku Ke Kewaye Mont-Saint-Michel?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a birnin Rennes na ƙasar Faransa, kuma mahaifina zai kawo mini ziyara nan ba da daɗewa ba. Ya ga hoton Mont-Saint-Michel, tsohon gidan 'yan zuhudun nan da ke kan dutse a tsakiyar ruwa, ya ce lallai sai na kai shi. Na ji ana cewa teku yakan rufe hanya, har ma ruwan yana zuwa da gudun doki. Shin akwai haɗari? Kuma dattijo mai fama da ciwon gwiwa zai iya hawa? Wata mai karatu, daga Rennes.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo Baba lafiya. Kafin ki sayi tikitin mota, fara duba wata, domin shi ne zai nuna miki ko Baba zai ga abin da ya gani a hoto, ko kuwa zai tarar da dutse zaune a kan filin yashi da laka.

Dutsen yana gaɓar yankin Normandi, a bakin kogin Couesnon, a wurin da cikowar teku da janyewarsa suka fi ƙarfi a duk gaɓar babban yankin Turai. A ranakun da abin ya kai maƙura, tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita 14 a tsaye, kuma ruwan yakan ja da baya har kusan kilomita 15, sannan ya dawo, sau biyu a kwana guda. Wannan babbar cika tana zuwa ne awa 36 zuwa 48 bayan haihuwar sabon wata da kuma bayan cikarsa a daren sha huɗu, ta fi tsanani kuma a wajejen Maris da Satumba. Faransawa suna auna ƙarfinta da wani ma'auni da ya tashi daga 20 zuwa 120, ana kuma wallafa jadawalinsa na shekara guda cif a intanet. Sai lambar ta haura 110 ruwa ke shanye ƙarshen hanyar shiga, dutsen ya koma tsibiri na ɗan lokaci, abin da ba ya wuce 'yan kwanaki a shekara. Ku isa awa biyu kafin lokacin cikar da jadawalin ya nuna, don ku ga tahowar ruwan tun daga nesa, wani farin layi siriri yana rarrafowa a kan yashi.

Zancen gudun doki kuwa, an ƙara masa gishiri. Saurin ruwan ya fi kusa da na mutum mai sassarfa. Haɗarinsa shi ne ba ya zuwa ta gaba kawai: yakan bi kwaruruka ya ɓullo ta bayan mai tafiya, kafin ya ankara an yi masa ƙawanya. Ga kuma yashin da ke haɗiye ƙafa, da hazo mai saukowa ba sallama. Duk wannan ya shafi wanda ya sauka cikin filin ne, shi ya sa bai kamata a shiga ba sai da ɗan jagora mai izini. Ke da Baba babu abin da zai kai ku can. Tun shekarar 2014 akwai gada mai tsawon mita 760 da aka ɗora a kan ginshiƙai, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinta. Ita ce ta maye gurbin titin cikon ƙasa na 1879, wanda ya tare ruwa har yashi ya yi ta taruwa, tsibirin ya kusa haɗewa da tudu. Madatsar ruwan da aka kammala a kan kogin a 2009 ma aikinta ke nan, ta tara ruwa lokacin cika, ta sake shi daga baya ya kwashe yashin zuwa teku.

Batun gwiwa ne ba zan ɓoye miki ba. Ana ajiye motoci kimanin kilomita biyu da rabi daga dutsen, bas na kyauta ya ɗauko mutane ya sauke su 'yan ɗaruruwan mitoci daga ƙofar gari. Daga nan sai ƙafa. Titin garin guda ɗaya ne, matsattse, mai hawa, cike da shaguna da cunkoso, sannan matakala kusan 350 kafin a kai ƙofar cocin da ke ƙololuwa. A ganina, idan ciwon mai tsanani ne, kada kunya ta sa Baba ya matsa wa kansa. Mafi kyawun kallon dutsen daga kan gada ake yinsa, ko daga kan madatsar, kuma da zarar an shiga ƙofar farko, ba tare da wani hawa ba, zai ga manyan bindigogi biyu na ƙarfe da sojojin Ingila suka bari a 1434, bayan sun shafe shekaru suna kewaye da wurin ba su ci shi ba.

Idan kuwa ya ce zai jarraba, ku tafi da sassafe, ku riƙa hutawa, domin abin da ke sama ya cancanci wahalar. Bisa ruwayar mutanen wurin, a shekarar 708 wani bishop na garin Avranches mai suna Aubert ya yi mafarkin Mala'ika Mika'ilu yana umartarsa ya gina wurin ibada a kan dutsen, daga nan sunan ya samo asali. 'Yan zuhudun ɗariƙar Benedict suka zauna a 966. Da yake saman dutsen tsini ne, babu filin da za a shimfiɗa gini, sai magina suka yi ta gina ɗakuna a kewayensa don su tallafi cocin. A gefen arewa suka ɗora bene hawa uku da aka kammala a 1228: a ƙasa rumbu da ɗakin raba sadaka ga matalauta, a tsakiya zauren manyan baƙi, a sama ɗakin cin abinci da farfajiyar da 'yan zuhudu ke kewayawa suna tunani, wadda siraran ginshiƙai suka zagaye. Bayan juyin juya halin Faransa an mayar da ginin kurkuku har zuwa 1863, kuma har yau akwai wata ƙatuwar ƙafar katako mai juyawa, wadda fursunoni ke shiga cikinta su yi ta taku don jawo kaya daga ƙasa. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Ginin mallakar gwamnatin Faransa ne, a buɗe yake ga kowa ba tare da tambayar addini ba, sai dai akwai 'yan zuhudu maza da mata da ke ibada a cocin, don haka ana rage murya idan an tarar suna addu'a. Shiga gari kyauta ne, ginin da ke sama ne ake biya. Daga tashar jirgin ƙasa ta Rennes akwai bas da ke kaiwa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ki lura ana rufe ginin ranar 1 ga Janairu, da 1 ga Mayu, da 25 ga Disamba.