Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Ake Auna Yardar Mutane da Hasashen Farashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi da ke Gombe, kuma ni nake riƙe da littafin wata ƙaramar ƙungiyarmu ta masu sayen masara da kaka su ajiye zuwa damina. Kullum muna jin hasashen masana a rediyo game da canjin dala da tsadar kaya. Wasunmu suna ɗaukarsa kamar yankan wuƙa, wasu kuma suna cewa shaci-faɗi ne. Ta yaya zan gane iyakar yardar mutanenmu da irin wannan hasashe, da kuma ko yardar tana kan hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba su, wato yadda mutum ya amince da hasashe, da yadda hasashen yake dacewa da abin da ya auku daga baya.

Kada ka tambayi mutum kai tsaye ko ya yarda da masana, domin dattijon kirki zai ce maka Allah ne masanin gobe, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai amsar ba za ta shiga lissafi ba. Ka ɗauko hasashe guda ɗaya wanda yake da adadi da wa'adi, misali a ce buhun masara zai wuce farashi kaza kafin ƙarshen watan Yuli, ka ba kowane mutum ƙwayar wake goma, ka ce ya raba su gida biyu gwargwadon ƙarfin zatonsa: gefen zai faru da gefen ba zai faru ba. Wanda ya sa takwas a gefen farko ya ba ka kashi 80 cikin 100 ke nan ba tare da an yi masa maganar kaso ba. Masu bincike sun daɗe suna amfani da wannan dabara a yankunan karkara. Ka ga kowa shi kaɗai, domin idan an yi a taro, yara za su bi bakin Alhajin da ya fi kowa jari. Sannan ka lura da buhu nawa ya ajiye a sito, saboda wanda ya ce bai yarda ba amma ya cika sitonsa, aljihunsa ya riga ya ba da amsa.

Idan wa'adi ya cika sai ka rubuta abin da ya faru. Hasashe ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma idan ka tara guda ashirin ko talatin, za ka duba ko abubuwan da aka sa wa wake takwas sun faru kamar sau takwas cikin goma. In sau biyar kawai suka faru, to yardar ta yi yawa.

Wannan zarcewar yarda ba ta tsaya ga 'yan kasuwa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda malaman Jami'ar Duke ta Amurka suke cikin marubutansa, an nemi manyan jami'an kuɗi na kamfanoni su faɗi iyaka ta sama da ta ƙasa da suke da tabbacin kashi 80 cikin 100 cewa ribar kasuwar hannun jari za ta faɗa a tsakaninsu, sai aka tarar sun dace a kusan kashi 36 ne kawai. A nan gida ma, kasafin kuɗin tarayya na 2024 an gina shi a kan dala ɗaya naira 800, amma tun a watan Fabrairun shekarar dala ta haura naira 1,500. A ganina, adadin da ke cikin kasafi ya fi kama da abin da gwamnati take fata, don haka kada ka haɗa shi a layi ɗaya da hasashen manazarta masu zaman kansu. Ka buɗe wa kowanne shafinsa a littafinka, ka kuma rubuta ranar da aka faɗi maganar da bakin wanda ya faɗe ta.