Shekarata 58, ina allurar ƙarfin maza amma har yanzu shiru

Tambaya: Likita, shekarata 58. Bayan rasuwar uwar 'ya'yana na sake aure, yau shekara biyu ke nan ko ɓatan wata matata ba ta taɓa yi ba. Shekararta 33, an duba ta an ce lafiyarta ƙalau. Wata biyar da suka wuce wani ya fara yi min allurar testosteron, kuma gaskiya na ji ƙarfi, amma har yanzu shiru. Ko dai na tsufa da haihuwa ne? Ina kuma fargabar abin da ake cewa ɗan tsoho yakan zo da nakasa.

Amsa: Malam, shekara 58 ba ta rufe maka ƙofa ba. Maraina ba sa daina ƙera ƙwayoyin maniyyi, sai dai yawan ruwan da kuzarin ƙwayoyin suna raguwa, cikin yakan daɗe kafin ya shiga, haɗarin ɓari kuma yana ɗan ƙaruwa.

Fargabarka kan nakasa tana da tushe, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Binciken da aka yi a ƙasar Ayislan a 2012 ya nuna cewa duk shekara ɗaya da uba ya ƙara, ana samun ƙarin sabbin sauye-sauye kusan 2 a ƙwayoyin halittar ɗansa. Shi ya sa wadanci da wasu larurorin ƙwaƙwalwa suka ɗan fi yawa a 'ya'yan dattawa. Duk da haka mafi yawansu lafiya lau ake haifar su.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne allurar nan. Kusan kullum sai na yi wannan bayani, har bakina ya gaji: ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. Testosteron sinadarin mazantaka ne da maraina ke samarwa. Wanda ake tsira maka yana shiga jini, ƙwaƙwalwa ta ga ya wadata, sai ta daina aika saƙon da ke sa maraina aiki. Kana jin kanka kamar saurayi, maniyyin kuwa ya koma ruwa zalla, wani lokaci babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada wannan allura a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma ta yi aiki. Wato maganin hana haihuwa ake yi maka wata biyar, kai kuma kana zaman jiran ciki! Wanda ya yi maka ita ko ya auna jininka? Ya tambaye ka hawan jini ko lafiyar furostet, wato ƙullin nan na maza da ke ƙasan mafitsara? Allurar tana kaurara jini, kuma a shekarunka wannan ba abin wasa ba ne. Haka su ma haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake tallatawa da sunan ganye, an sha gano sinadarin Viagra a cikinsu. Mai shan maganin ciwon zuciya irin na naitiret idan ya haɗa, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Abin da ya fi ci min rai, a irin wannan hali mace ake ta kaiwa gwaji tana shan gori, alhali kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannun namiji a ciki. Haihuwar da ka yi a da ba shaida ba ce ta yau.

Ka je wurin likitan mafitsara ya tsara maka yadda za ka daina allurar, ka tafi da duk magungunan da kake sha, domin wasu na furostet ma suna taɓa maniyyi. A auna sukari da hawan jini. A yi gwajin maniyyi bayan ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7. Ana son a ga aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Idan na farko ya zo da rauni kada ka karaya, ƙera ƙwaya ɗaya na cin kusan kwana 74, farfaɗowa bayan allura kuma kan ɗauki wata 6 zuwa shekara, wani ma fiye. Ka sanar da matarka abin da ake ciki tun yau.