Littafin Tsafi na Tomi Adeyemi: Ya Dace da Ɗaliban Sakandare?

Tambaya: Malam, ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata a Gombe. Ɗalibaina sun matsa mini in sa a sayo Children of Blood and Bone a ɗakin karatu, wai har sunan garinmu yana ciki. Ina ƙarfin littafin yake, ina kuma rauninsa?

Amsa: Malama, ɗalibanki sun yi gaskiya, akwai Gombe a ciki, sai dai ba wadda kika sani ba ce, kuma zan zo kan wannan. Littafin ya fito a 2018, marubuciyarsa Ba'amurkiya ce wadda iyayenta Yarbawa ne. Labarin wata budurwa ce, Zélie, a ƙagaggiyar ƙasa mai suna Orïsha, inda Sarki Saran ya sa aka karkashe masu baiwar tsafi, har da mahaifiyarta, shekara 11 kafin buɗewar labarin. Ita da yayanta da Amari, 'yar sarkin da ta tsere daga fada, suka bazama neman kayan da za su dawo da tsafin kafin wa'adi ya cika. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba.

A ganina ƙarfin littafin ba a tsafin yake ba, yana cikin yadda ya nuna zalunci. Ana gane 'ya'yan waɗanda aka kashe da farin gashi, ana kiransu tsutsotsi, ana lafta musu haraji, wanda ya kasa biya kuma a tura shi aikin bauta. Marubuciyar ta bayyana a ƙarshen littafin cewa kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata a Amurka ne ya tunzura ta, shi ya sa fushin Zélie da tsoronta suke ratsa mai karatu. Babukan gajeru ne, kuma mutum uku ne ke karɓa-karɓar ba da labarin, don haka yarinyar da ba ta saba da dogon karatu ba tana iya cinye shafi sama da 500 ba ta ankara ba. Amari ce ta fi ginuwa, domin a gaban idonmu take tashi daga matsoraciya zuwa jaruma.

Raunin da ya fi damuna shi ne Najeriyar littafin ta suna ce kawai. An kai Ilorin bakin teku ta zama ƙauyen masunta, Jimeta ta koma matattarar ɓarayi da sojojin haya, Gombe kuwa garin masana'antu ne mai kurkukun soja inda ake azabtar da Zélie. Marubuci yana da 'yancin ƙaga ƙasarsa, amma idan ya ari sunayen garuruwan da mutane ke zaune a ciki bai ɗauko komai na rayuwarsu ba, ɗan gida zai ji an yi ado da shi ne don baƙi. Masu jin Yarbanci ma sun yi ƙorafi kan yadda aka yi amfani da harshen. Sannan soyayyar Zélie da Yarima Inan, wanda jiya-jiya yake farautarta don ya kashe ta, an yi gaggawar ƙulla ta, shi kuma yawan sauya ra'ayinsa yana gundura.

Akwai batun aƙida, wanda iyaye za su fara tambayarki a kai. Tsafin littafin daga allolin gargajiyar Yarbawa yake fitowa, irin su Oya da Sango, kuma a matsayin alheri aka nuna shi. Akwai kuma zubar da jini da azabtarwa da sumbata. Shawarata ita ce a ware shi ga 'yan babbar sakandare, ki fara karanta shi da kanki, ki sanar da shugabar makaranta abin da ya ƙunsa, sannan ki shirya wa tambayar kashi na 2 da na 3, domin labarin bai kammala a wannan ba.