Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Aikin Malamin Intanet

Tambaya: Sabuwar malama ce ni, ina koyar da Hausa ta intanet. Idan na tura aikin gida a fayil ɗin Word, wasu ɗalibai sukan ce haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun koma akwatuna a wayarsu. Har na fara tunanin ko ni ce ban iya ba.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, ba ke ba ce. Word ba ya ɗaukar salon haruffan da kika yi rubutu da shi ya tafi da shi, sai an sa shi. Idan wayar ɗalibi ba ta da wannan salon, sai ta maye shi da wani, wanda wataƙila bai san ƙugiyar ƙ ba. Ki yi rubutunki da salo irin Noto Sans ko Andika, duka kyauta ne, sannan ki mayar da fayil ɗin PDF kafin ki tura. PDF yana tafiya da haruffansa, shi ya sa yake fitowa iri ɗaya a kowace na'ura. Kafin ya isa ga ɗalibai, ki buɗe shi a wayarki ki gani da idonki. Wannan ɗan dubawar tana hana abin kunya da yawa.

Tambaya: Wace kwamfuta mafi tsada zan saya domin in riƙa tsara aikin gida mai kyau?

Amsa: Malam, tambayoyi goma a shafi biyu za ka rubuta, ba fim za ka haɗa ba. Wadda ke hannunka ta isa. Abin da ke sa aikin gida ya yi kyau shi ne umarni bayyananne: me ake so, yaushe za a kawo, maki nawa ne.

Tambaya: Wani ya ce zai saka min Microsoft Office da Adobe Acrobat cikakku a farashin da bai kai rabin rabin na kamfani ba. In karɓa?

Amsa: Kada ka karɓa. Wannan tambayar ba ta ƙarewa a akwatina, to bari in tsaya a kanta. Abin da zai saka maka ɗaya ne cikin biyu: ko manhajar da aka fasa, ko lambar lasisin da aka fitar don wata ma'aikata aka karkatar da ita. Ta biyun tana iya mutuwa kowane lokaci, kuma ranar da ta mutu, mai sayarwar ya daina ɗaukar waya. Ta farkon ta fi muni. Ka lura, kafin a saka manhajar da aka fasa, sai an ce ka kashe garkuwar kwamfutarka. Me ya sa? Saboda garkuwar ta ga abin da kai ba ka gani ba. Ta nan ake cusa ƙwayar da ke naɗar duk kalmar sirrin da ka buga, da wadda ke kulle fayiloli har sai an biya kuɗin fansa. Araha ba ta ado.

Kuma kai malami ne. Abin da ke cikin kwamfutarka ba naka kaɗai ba ne: sunayen ɗalibai, lambobin wayarsu, makinsu, har tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba. Amana ce. Fayil ɗin da ka tura wa aji daga gurɓatacciyar na'ura zai iya kai musu cutar.

Abin haushin shi ne ba ka ma buƙatar su. LibreOffice kyauta ne, halas, yana buɗe fayilolin Word, yana fitar da PDF, har wanda ɗalibi zai iya cikewa. Google Docs kyauta ne, haka Word na cikin burauza ga mai asusun Microsoft. Ka kuma guji masu sayar da "tsararrun darussa dubu" a fayil guda: yawanci kwashe aikin wasu aka yi, ba ka da izinin raba shi, kuma bai dace da tsarin karatun da kake koyarwa ba.

Tambaya: Ɗalibaina ba su kai hamsin ba. Wace manhajar gudanar da aji ta intanet zan ɗauka, Moodle ko Google Classroom?

Amsa: Classroom. Moodle, wanda ya fito a 2002, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kyautarsa ta tsaya a manhajar. Wurin ɗora shi da mai kula da shi suna kanka. Wannan kayan makaranta ne mai ma'aikata. A Classroom za ka iya sa kowane ɗalibi ya sami nasa kwafin takardar aiki, Google Forms kuma ya yi maka makin tambayoyin zaɓi da kansa. Sai dai ka sa ido: gigabait 15 na kyauta da Google ke bayarwa, Gmail da Drive da hotunanka ne ke raba shi. Ka hana ɗalibai turo bidiyo inda rubutu zai wadatar, kuma ka riƙa sauke makinsu kana adanawa a wani wuri daban duk ƙarshen zango.