Hukuncin Kai Iyali Hutu Akra: Ina Za Mu Je, Me Za Mu Ci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, ina sayar da kayan gyaran mota a Suame. Na yi niyya idan an ba yara hutun watan Agusta in ɗauki mai ɗakina da 'ya'yanmu huɗu mu je Akra mu yi kwana shida, mu sauka gidan yayata a Nima, yara su ga teku da wurin da aka binne Nkrumah. Wani abokina ya ce wannan yawon banza ne irin na Turawa, wuraren cike suke da gumaka da tsiraici, abincin bakin teku kuma duk shubuha ne. Mai ɗakina ita ma tana tambaya ko kaguwa da katantanwa halal ne. Malam, mu tafi ko mu fasa? In za mu tafi, yaya za mu yi da salla, me za mu ci, me za mu bari?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ku tafi. Tafiyar halal ce, kuma tun da gidan yayarka za ku sauka, ta haɗa da sada zumunci, wanda lada ne a karan kansa. Abokinka nasiha ya yi nufi, Allah ya saka masa, amma ya haramta abin da shari'a ba ta haramta ba. Ƙa'idar malamai ita ce asalin abinci da tafiye-tafiye da al'adu halacci ne, sai abin da dalili ya cire. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Annabi (SAW) ya tsaya yana kare ta da mayafinsa tana kallo, bai gusa ba har sai da ita ta gaji da kanta. Wanda ya fi kowa tsoron Allah ke nan, ya tsaya don iyalinsa su yi nishaɗi. Magidancin da ke fita tun asuba ya dawo bayan isha'i shekara da shekaru, 'ya'yansa ba su san shi ba sai wajen faɗa da kuɗin makaranta, shi ne ya fi buƙatar irin wannan tafiya. Sharaɗi ɗaya zan sa maka tun daga gida: kada kuɗin ya zama na bashi, kada kuma ya zama wanda aka ajiye don komawar yara makaranta. Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan sun ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro.

Salla ce abin da na fi ji muku, domin ita ce ke fara zubewa a irin wannan tafiya, mutane kuwa ba su cika tambaya a kanta ba. Tsakanin Kumasi da Akra kusan kilomita 250 ne. Tazarar ƙasaru a mazhabar Imam Malik mil 48 ce, wato kilomita 80 da 'yan kai, saboda haka da zarar kun bar gidajen ƙarshe na gari, Azahar da La'asar da Isha'i sun koma raka'a bibbiyu. Malamanmu sun cire mai tafiyar saɓo daga wannan rangwame, sun kuma karhanta shi ga mai tafiyar wasa tsantsa, kamar mai farauta don sharholiya kawai. Taku ba ta cikin waɗannan. Amma da yake kun ƙulla niyyar kwana shida, wato fiye da cikakkun kwana huɗu, ƙasarunku a hanya kaɗai yake. Kuna shiga Akra kun zama mazauna, za ku cika salla, kuma Juma'a ta hau kanka. Idan kuka kai ziyara Aburi, garin da ke da lambun shaƙatawa, ba ta kai tazarar ƙasaru daga Akra ba. In kuwa kuka zarce Cape Coast, ta kai.

Shawarata ku tashi bayan sallar Asuba, ku isa kafin Azahar ta yi nisa. Idan rana ta karkata kuna cikin mota, kuka kuma san za ku sauka kafin ta yi fatsi-fatsi, ya halatta ku jinkirta Azahar ku haɗa ta da La'asar: raka'a bibbiyu in a hanya kuka tsaya, hurhuɗu in kun riga kun shiga gari. A cikin Akra kuwa, cunkoson motoci ba uzuri ba ne na fitar da salla daga lokacinta. Ku fita da alwala, ku sa darduma da buta a jaka, ku tsara yawonku a kan lokutan salla. Ranar Juma'a ka kai su babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da taimakon Turkiyya aka buɗe a 2021. Daga Nima ba nisa, kuma akwai wurin mata.

Sai wuraren ziyara. Makwancin Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, yana filin da ya yi shelar 'yancin Ghana ranar 6 ga Maris 1957. An buɗe wurin a 1992, aka sake gyara shi a 2023. Shiga ya halatta. Annabi (SAW) ya yi izinin ziyarar kaburbura domin suna tunatar da lahira, kuma Allah ya yi umarni a wurare da yawa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Abin da aka hana shi ne rusunawa gunki, ko neman albarka a kabari, ko roƙon wanda ke ciki. A wurin za ku ga tsohon mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, an ajiye kan a gefe. Ka tsaya da yaranka a nan, ka gaya musu mutumin da duk ƙasa ke yi wa kirari an tumɓuke shi yana wata ƙasa, ya rasu a Bukares a 1972 bai sake taka Ghana da ransa ba. Wa'azi ne da ba za su manta ba. Haka gidajen kurkukun Jamestown, James Fort da Ussher Fort, inda Turawa suka tsare bayi kafin a loda su a jirgi, cikinsu har da waɗanda aka gangaro da su daga arewa ta kasuwar Salaga. A James Fort ɗin ne aka ɗaure Nkrumah kansa daga 1950 zuwa 1951. Lambun Aburi da aka buɗe tun 1890 ba shi da wata magana, itatuwa ne da iska mai sanyi. Hoton waya ba laifi. Abin da za ku bari shi ne sayen sassaƙen mutum ko dabba mai cikakkiyar sura ku kai gida ku kafa a falo, wannan Malikawa sun haramta shi, ban da 'yar tsanar wasan yara.

A maganar teku abokinka yana da rabin gaskiya. Bakin ruwan Labadi ranar Lahadi da yamma ko ranar biki wuri ne na kiɗa da giya da tsiraici, ba na ganin ya halatta mutum ya ɗauki iyalinsa ya kai su tsakiyar wannan da gangan. Amma tekun halittar Allah ne, kuma yaron da ya tashi a Kumasi bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba yana da haƙƙin a nuna masa. Ku je da safe a ranar aiki, lokacin da wurin yake fayau sai masu dawakai da masunta. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa tana nan ko a cikin ruwa, uwargida da 'yan mata kuma su zauna cikin suturarsu. Sannan ka riƙe hannun ƙananan da kyau. Igiyar ruwan gabar Akra tana ja da ƙarfi, ruwan da bai wuce gwiwarka ba yana iya ɗauke ƙafar yaro, kuma kare rai wajibi ne da ya fi nishaɗi. In salla ta same ku a can, ku yi alwala da ruwan tekun. An tambayi Annabi (SAW) game da shi ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Imam Malik ya ruwaito wannan a Muwaɗɗa.

Wannan hadisin ne kuma amsar mai ɗakinka, tare da aya ta 96 a Suratul Ma'ida wadda ta halatta farautar teku da abincinsa. A wurin Malikawa duk dabbar ruwa halal ce ba tare da yanka ba: kifi, kaguwa, jatan lande, duka. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Don haka dokunu (tuwon ƙullun masara mai tsami) da soyayyen kifi da shito, ko banku (tuwon ƙullun masara da rogo) da gasasshiyar karfasa, ku ci hankali kwance ko wane ne ya dafa, domin shito barkono ne da mai da busasshen kifi da jatan lande. Katantanwa hukuncinta daban, don a tudu take. Imam Malik ya ɗauke ta kamar fara: wadda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa da sunan Allah ana ci, wadda aka tsinta matacciya ba a ci. Mafi yawan sauran malamai sun hana ta. In uwargida tana so, ta saya da rai ta dafa da hannunta. Ta gidan abincin da ba ku san yadda aka yi da ita ba, barinta ya fi.

Inda ake buƙatar buɗe ido shi ne nama, kuma a nan mutane sun rabu biyu, duka sun kauce. Wasu ba sa tambaya ko kaɗan, wasu kuma sai su tsare Hajiya mai waakye (shinkafa da wake) a Nima da tambayar wa ya yanka saniyar. Wannan na biyun munana zato ne ga musulmi. A Bukhari, wasu sun ce wa Annabi (SAW) ana kawo musu nama ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, ya ce su ambaci sunan Allah su ci. Saboda haka a Nima da Mamobi da Fadama da Madina da Sabon Zango, koko da ƙosai da safe, waakye da ganda, tuwon zafi da miyar ayoyo, masa, cincinga da yamma, duk ku ci ba bincike. Naman shanu da na tumaki a kasuwannin ƙasar nan ma galibi mahauta musulmi ne ke yankawa, kuma yankan Kirista in ya yanka a maƙogwaro bai ambaci wanin Allah ba halal ne da nassin aya ta 5 a Ma'ida.

Da kun fita daga zango, wato waɗannan unguwannin musulmi, sai lissafi ya canza, saboda abubuwa uku. Na farko alade. A Osu da wasu unguwanni ana gasa shi a fili, wannan kowa na gani. Wanda ba a gani shi ne ƙafar alade mai gishiri da wasu ke jefawa cikin miyar kwakwa ko ta kuɓewa don ɗanɗano, sai ka ce a zuba maka kifi kawai alhali a tukunya ɗaya aka dafa su. Cire naman ba ya tsarkake romon. Haka man suyan da aka soya alade a ciki aka kuma soya doya. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta isa: akwai alade a miyar nan, kuma mai ɗaya kuke suya da shi? Masu abinci a Akra sun saba da wannan tambaya daga musulmi, ba sa jin haushi. Kwanukansu kuwa, hadisin Abu Sa'alaba ya nuna in an wanke an gama.

Na biyu naman daji. Tun a hanya, wajajen Anyinam, za ku ga ana ɗaga gyazbi a bakin titi, wani ɗanye wani ƙyafaffe. Dabbar ita kanta ba haram ba ce a mazhabarmu, matsalar yadda ta mutu ce. Abin da ya mutu a tarko mushe ne, kuma ba ka da hanyar sanin wanda aka yanka daga wanda aka tarar ya sandare. Ku bar shi, ku bar miyar da aka sa shi.

Na uku kajin da ake shigowa da su a daskare cikin kwali, waɗanda su ne mafi yawan kazar da ake soyawa a gidajen abinci. Malamai na wannan zamani sun yi saɓani a kansu. Wasu sun halatta bisa ayar mutanen Littafi, wasu sun hana saboda inji ke aikin kuma kaza na iya mutuwa kafin wuƙa ta kai gare ta. Abin da nake ba da fatawa da shi: wadda ke da shaidar halal a kwalinta ku ci, wadda ba ku san asalinta ba ku ɗauki kifi a madadinta, tun da kuna bakin teku kuma ba takura a ciki. Amma ba na cewa wanda ya ci ya ci haram.

Abin sha ba shi da wahala. Sobolo da lamurje da burkina da fura da ruwan kwakwa duk halal. Pito da akpeteshie giya ne. Bammi kuma yana fara tsami cikin 'yan sa'o'i da tatsarsa, wanda ake sayarwa a gari ya riga ya zama mai sa maye, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗansa ma haram ne. Gidan abincin da ke sayar da giya a gefe, in akwai wani ku zaɓi wani. In babu, ku ci ku tashi, amma kada ku zauna a teburin da ake sha.

Da yake a Agusta za ku je, kuna iya tarar da bikin Homowo na ƙabilar Ga, 'yan asalin Akra, inda ake yayyafa abincin bikin, kpokpoi, a ƙasa da ƙofofin gidaje domin kakanni. Kada ku shiga yayyafawar ko zuba abin sha a ƙasa, kada kuma ku ci abin da aka yanka domin wannan hidima. In maƙwabci ya aiko muku da kwano don mutunci, ku karɓa da fara'a ku yi godiya. Garin masara ne da manja da miyar kifi, in ba daga wanda aka keɓe wa kakanni aka ɗebo ba kuma ba nama a ciki, ba laifi a ci. Ka kuma ja kunnen yara kada su yi wa masu bikin dariya ko nuni da yatsa, domin Allah ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa a Suratul An'am, aya ta 108.

Allah ne mafi sani.